Kitson Da Ya Sa Tsofaffin Gari Biyar Mantuwa

Duk wanda ya taɓa bi ta ƙofar baya ta jami'a ya wuce shagon Kibiya, ko bai lura ba. Yana ƙarƙashin matakalar wani tsohon bene, tsakanin mai gyaran waya da mai buga wa ɗalibai takardu. In mace ta miƙe tsaye a ciki ba shiri, silin ne zai tuna mata tsawonta. Kujeru 'yan tsugunno huɗu, madubi ɗaya mai tsagewa a gefe, da fanka mai kuka kamar ana yi mata dole. Sama da shekara talatin ke nan kawunan mata suna zuwa suna tafiya a tsakanin gwiwoyinta. Sunan kuwa daga kibiyar tsagar kitso ta same shi, wadda kullum take soke a ɗankwalinta. Mijinta, tsohon direban bas, ya ce sau biyu ta kusa tsone masa ido yana cikin gaishe ta.

Iya, ƙanwar mahaifiyarta, ita ta koya mata sana'ar tun tana 'yar shekara tara, rabi da baki, rabi da ranƙwashi. In ta ja gashi da ƙarfi, sai Iya ta sauke mata ɗaya a tsakar kai ta ce, "Kin ji? To haka ita ma take ji. Kai ba tabarma ba ne, akwai mutum a ƙarƙashinsa." Da wannan ɗan karatun ta ciyar da 'ya'ya huɗu, har autarta ta zama nas. Makarantar boko kuwa aji huɗu ta yi aka cire ta, kuma ba ta taɓa ɓoyewa ba.

A can cikin jami'a, a bene na uku, akwai Farfesa, masanin ƙwaƙwalwa, mai binciken yadda tsofaffi ke riƙe magana da yadda take kuɓuce musu. Aikinsa da wata hular roba yake yi, mai maɓallai talatin da biyu, kowane da wayarsa. A zaunar da tsoho, a kifa masa hular, a karanta masa kalmomi, a jima a ce ya maimaita, kwamfuta kuma tana zana layukan abin da ƙwaƙwalwarsa ke yi. Sharaɗin ɗaya ne: kowane maɓalli ya taɓa fatar kai. To ina fatar kai a ƙarƙashin gashi mai cika, balle kitso? Duk matar da ta zo, hular sai ta zauna mata can sama kamar kaza a kan ƙwai, layukan su haukace, a ba ta haƙuri ta tafi. Shekara huɗu Farfesa yana rubuta wa duniya abin da ya gano game da ƙwaƙwalwar ɗan Adam, ashe ƙwaƙwalwar masu sanƙo yake nufi.

Auta ce ta ga sanarwar ana neman tsofaffi, ta ce Iya ta je a duba ta, tunda ta fara ajiye mabuɗi tana nemansa a hannunta. Kibiya ta rufe shago ta raka ta. Wanda ya tarbe su mataimakin Farfesa ne, dakta, ɗan shekara arba'in ba kaɗan, wanda ko wuta ake zubowa daga sama ba ya cire kwat, shi ya sa 'yan shara suke ce masa Ɗan Kwat. Ya danna hular, ya ja, ya matsa, ya duba kwamfuta, ya yi tsaki.

"Baba," ya ce wa Iya, "da za ki yarda a ɗan rage gashin nan."

"A rage shi ina?"

"A aske, ina nufi. Zai fito ai."

Iya ta dube shi daga takalmi zuwa wuyan kwat. "Ɗan nan, gashin nan ya binne miji biyu. Ba a kanka zai mutu ba."

Kibiya, wadda ke zaune a gefe da jakar Iya a cinya, ta tambaya a ina da ina ake so maɓallan su zauna. Ɗan Kwat ya yi kamar bai ji ba, sai da ta sake tambaya, ya nuna mata wani zane a bango. Ta tsaya ta kalle shi kamar yadda take kallon hoton da amarya ta kawo mata. Sannan ta zare kibiyarta, ta zaunar da Iya a ƙasa a kan ɗankwali, ta tsefe kan, ta yi tsaga daidai layin maɓallan, ta kwantar da gashin a tsakani da kitso sako-sako, wanda yatsa zai shiga ƙarƙashinsa ya fita. Minti arba'in. Aka kifa hula, layukan kwamfuta suka kwanta luf. Ɗan Kwat ya fita da gudu ya kira Farfesa, Farfesa ya shigo ya duba kwamfutar, ya duba kan Iya, ya dafa kafaɗar Ɗan Kwat ya ce, "Madalla, Dakta."

Daga ranar, Talata da Alhamis Kibiya tana bene na uku. Cikin shekara uku ta kitse kai sama da ɗari huɗu, kuma yawancinsu ita ta kawo su, iyayen masu zuwa shagonta da kakanninsu, matan da ko da mota aka aiko ba za su yarda wani ƙato ya sa musu waya a kai ba. Tana kitso tana ja musu hira, har su manta tsoro su saki haƙoransu, domin ta lura duk wadda ta cije baki layinta rawa yake. Babu wanda ya gaya mata wannan, ita ta gaya musu.

Sai sunan Farfesa ya tashi. Takarda ta bi takarda, masana a ƙasashe suna ambatonsa, ana gayyatarsa ya yi jawabi. Dabarar kitson ma aka raɗa mata sunan sashensa. Auta ta buɗe takarda ɗaya a wayarta ta ƙirga wa uwarta marubutan: mutum goma sha huɗu, cikinsu har da wani da bai taɓa taka garin ba.

"Umma, ba kya ciki fa."

"To in ina ciki wa zai karanta? Ke ce, kuma ga ki kin san ni."

Wannan bai dame ta ba, da gaske. Abin da ya shiga ranta daban ne. Jami'o'i biyar a ƙasashe biyar suka ƙulla haɗin gwiwa da Farfesa, za su yi binciken iri ɗaya a kan tsofaffin matansu, kuma dole wani ya je ya koya musu kitson. Farfesa da bakinsa, a gaban mutane, yana riƙe da kofin shayi, ya ce, "Malama, ki shirya. Ke za ki je, wa ya iya in ba ke ba?"

Kibiya fa mace ce da ba ta taɓa wuce garin da bas ɗin mijinta ke juyawa ba. Ta yi fasfo. Ta yi layi kwana biyu, aka sa ta cire kibiya kafin a ɗauki hoton, ta fito a ciki kamar wadda aka yi wa fashi. Ta sayi jaka mai taya, tana jan ta a tsakar gida don hannunta ya saba. Mijinta ya koya mata yadda ake ɗaura bel, wai na jirgi da na bas duk uwarsu ɗaya. Duk wadda ta zauna a gabanta a shago sai ta ji sunayen garuruwan nan biyar a jere.

Saura wata ɗaya Farfesa ya kira ta ofis. Bai ce ta zauna ba, kuma yana ta gyara takardun da suke a gyare.

"Malama, an samu 'yar matsala. Fom ɗin masu horarwa yana da gurbin digiri. Ba a barinsa fayau."

"To a rubuta shekara talatin da ɗaya ina kitso a shago."

"Ba ya karɓar haka. Ba ni ba ne, tsari ne."

"Ranka ya daɗe, lokacin da hula ta ƙi zama, tsarin yana ina?"

Ya yi 'yar dariya irin ta manya, wadda ake yi don a rufe magana. Dakta ne zai je, in ji shi, ai ya ga ana yi sau ɗaruruwa. Ya gani kam. Ita ma fankar shagonta ta ga ana yi sau dubbai.

Ɗan Kwat bai zauna ya koya ba ko na rabin yini. Mutum mai digiri uku zai tsuguna a 'yar kujera ya riƙe kibiya? Ya dai zo shagon ran wata Asabar da kyamara, ya tsaya a bakin ƙofa don kada silin ya taɓa shi.

"Anti, hoto nake so. Ki yi mana guda ɗaya mai kyau."

"Na aiki ko na hoto?"

"Na hoto mana. Wanda za a gani a san an yi aiki."

Makitsiya aka ce wa ta yi na hoto. Ta kama kan Auta, da ma ranta a ɓace yake, ta zuba kitso ɗamau, layi kamar an ja da zare, ko silin gashi ɗaya bai ɗaga ba, goshin yarinya har sheƙi yake. Auta ta kwana biyu tana shan maganin ciwon kai. Ɗan Kwat ya ɗauka ta gaba, ta baya, ta sama, ya auna tsakanin layukan da tef ya rubuta.

"Dakta," ta ce masa, "wannan fa na hoto ne. Na aiki sako-sako ake yi, yadda yatsa zai shiga."

"To, to, Anti," ya ce, idonsa a kan waya.

Ya tafi. Ya zaga gari biyar da kwat ɗinsa da hotunansa. A kowane gari suka ɗauko makitsiyar wurin, ya nuna mata hoto ya ce ga abin da ake so, sak, kada a kauce. Kibiya kuwa ta tura jaka mai taya ƙarƙashin gado, ta jefa fasfo cikin durowar matazai, ta ci gaba da hawa bene na uku Talata da Alhamis, domin tsofaffin da ta kawo ba za ta bar su a hannun masu kwat ba.

Bayan shekara aka yi babban taro, baƙi daga jami'o'in biyar suka zo. An ce Kibiya ta zo da kai ɗaya ta nuna kitson a ƙarshe, bayan an sha shayi, don baƙi su ɗan huta da lissafi. Ta zo da Iya, Auta ta rako su, aka ajiye su a layin baya kusa da teburin kofuna. Jawaban da harshen baƙi ake yi, Auta tana raɗa musu abin da ake cewa.

Farfesa ya hau mumbari fuskarsa kamar ranar suna. An gano wani babban abu, in ji shi. A duk garuruwan biyar, tsofaffin mata sun fi na garinmu mantuwa, nesa ba kusa ba. Cikin kalma ashirin, namu suna riƙe sha biyu, nasu da ƙyar su riƙe bakwai, kuma layukan ƙwaƙwalwarsu duk a hargitse. Wani ya ce ko abinci ne. Wani ya ce hayaƙin motoci. Wani mai gemu ya tashi ya yi minti goma a kan gado da jini. Iya ta gyara zama ta ce, "Ashe mu ne masu kan."

Sai aka haska hotunan aikin a bango. Ga wata tsohuwa a kujera, kafin a kifa mata hula. Kibiya ta daina sauraron Auta. Girar matar ta haura kusan tsakiyar goshi, idanunta sun ja baya kamar za su koma wajen kunne, bakin tsagar duk ya yi ƙuraje ƙanana. Aka sauya hoto, wani gari, wata tsohuwa, ita ma haka, har ta dafe gefen kai da hannu. Na uku, jijiyar wuya a miƙe, haƙora a cije.

Kibiya ba ta san ta miƙe ba.

"Wa ya yi wa bayin Allahn nan wannan aika-aika?"

Ɗakin ya juyo. Ɗan Kwat ya taso da sauri yana yi mata alama da hannu. "Anti, ba yanzu ba, sai an sha shayi."

"Ka sha shayinka. Dubi goshin matar nan. Wannan kitson Auta ne, na hoto. Shi ka kai musu?"

Wata baƙuwa, farfesa ce ita ma, mai furfura da tabarau a rataye a wuya, ta tambaya me matar take cewa. Ɗan Kwat ya juya ya faɗa mata wani abu gajere da murmushi. Auta ta ce, "Umma, wai cewa ya yi kin yaba da kyan kitson." Sannan ta miƙe ita ma, da muryar da take kiran masu jinya, ta fassara maganar uwarta yadda take.

Baƙuwar ta ce a ci gaba.

"Ki gaya mata," in ji Kibiya, "wannan kitson in an yi wa yarinya 'yar ashirin, kwana biyu ba ta iya dariya. Su sun yi wa 'yan saba'in, suka kifa musu hula a kai nan take, suka ce su riƙe kalma ashirin. Wace kalma? Matar nan abu ɗaya take tunani, yaushe za ta je gida ta tsefe. Bakwai ɗin da ta riƙe ma jarumta ce."

Farfesa ya ce da murya mai sanyi, ai wannan hasashe ne, bincike kuma da hujja yake tafiya.

"Hujja ga ta zaune," in ji Kibiya. "Iya, zo."

"Ni za a gwada a kaina?"

"Ke kika koya min da ranƙwashi. Yau ki biya." 

Baƙuwar ta ce a gwada. Aka ɗunguma zuwa bene na uku, manyan masana suna cunkuso a bakin ƙofa. Kibiya ta yi wa Iya na aiki, aka kifa hula, aka karanta kalma ashirin, ta kawo sha uku, layuka luf. Aka huta. Ta tsefe, ta yi mata na hoto, tana ja tana ba ta haƙuri, Iya tana ambaton kakannin duk wanda ke ɗakin. Aka kifa hula, aka karanta wasu ashirin. Layukan suka tashi kamar an watsa wa kaji tsaba.

"Baba, me kika riƙe?" in ji Ɗan Kwat a hankali.

"Na riƙe fuskarka," in ji Iya. "Ku cire min abin nan."

Da aka lallashe ta, ta kawo shida. Mai gemun nan na gado da jini ya cire tabarau yana gogewa. Aikin shekara guda, gari biyar, tsofaffi kusan dubu, duk ciwon kai aka auna.

Mai hankali zai zaci daga nan sai a nemi gafara. Ina. Bayan sati biyu Farfesa ya kira ta, wannan karon har da kujera. Za a sake aikin daga farko, baƙuwar kuma ta kafe sai Kibiya ta je da kanta. An samo hanya, in ji shi, yana murna da dabararsa. Dakta zai tafi a matsayin mai horarwa, tunda shi ke da digiri, ita kuma a rubuta ta a matsayin 'yar rakiyarsa.

"'Yar rakiya," ta ce. "In riƙe masa me, kwat?"

"Suna ne kawai a takarda, Malama. Jirgin ai ɗaya ne."

Kibiya tana ganin jakar nan mai taya a ƙarƙashin gado, tana jin sunayen garuruwan a bakinta. Shekararta hamsin da shida, ba kullum ake yi wa makitsiya tayin jirgi ba, ta sani. Amma ta hango kanta a tsaye a bayan Ɗan Kwat, yana nuna bango da sanda, yana cewa ga yadda muke yi, a gaban mata biyar masu sana'a irin tata, waɗanda hannunsu ya san kitson nan zalunci ne amma aka ce musu haka masana suka ce.

"Ranka ya daɗe, wanda ya ɓata ba zai ja ni a baya in je in gyara ba. Matan da suka yi kitson, su ma fom ɗin ya hana su tafiya?"

Ya duba. Masu koyo ba a tambayarsu digiri.

"To su zo. Shagona yana nan, silin ne kawai za su kiyaye."

Suka zo kuwa, su biyar, da kibiyoyinsu iri-iri, ɗaya ma da tsinken ƙarfe na saƙa take tsaga. Kujeru huɗu ne, aka aro ta biyar wurin mai gyaran waya. Babu wadda ke jin harshen wata, Auta ta ɗauki hutu don ta yi tafinta, amma kafin azahar ta zama ba ta da aiki. Kibiya ta kama yatsan kowacce ta tura ƙarƙashin kitson Iya, ya shiga ya fita. Wata ƙatuwa cikinsu ta buga cinya, ta zaro hoton nan na kan Auta daga jaka, ta nuna shi, ta nuna Ɗan Kwat da ke tsaye a rana a bakin ƙofa, ta faɗi wata kalma a harshensu. Ba a nemi fassara ba.

Kwana shida suka yi. Aikin da aka sake ya fito daidai, tsofaffin gari biyar suka warke daga mantuwa rana ɗaya. Farfesa ya fitar da sabuwar takarda a kan illar ɗaurin kitso ga gwajin ƙwaƙwalwa, wadda aka ce ta fi duk na baya tashe, marubuta goma sha tara. A rahoton shekara kuma aka rubuta cewa sashen ya shirya horo na ƙasa da ƙasa a ƙarƙashin jagorancin Dakta. Auta ta karanta wa uwarta wannan layin sau biyu, tana huci.

Kibiya tana tsaga kan wata ɗaliba, ba ta ɗago ba. "Ya jagoranta mana. Shi ya nuna wa mai tasi hanya."

Fasfon yana nan a durowar matazai, ko tambari ɗaya babu a cikinsa, man kitso ya ɗan taɓa bangonsa. Saura shekara biyu ya mutu. Jakar mai taya kuwa Iya ta karɓe, tana zuba zannuwanta a ciki. Ran Talatar da ta wuce Ɗan Kwat ya leƙo shagon da kyamara, wai ana son hoton hannunta don bangon wata mujalla, hannun kawai. Ta ce masa ya dawo in ya iya tsaga.